Akwatunan Wutar Baba a Yamai

Abin da na fara lura da shi a ƙasar Nijar shi ne soket ɗin da ke jikin bangon ofishin kwastan na Gaya. Ramuka biyu gare shi, zagayayyu, dab da juna kamar hancin ɗan maraƙi. Namu na gida ramuka uku ne masu kusurwa. Na dube shi, na dubi kwalayenmu huɗu da aka jibge a bakin ƙofa, na san akwai matsala, amma ban ce komai ba. Ni dama ba mai magana ba ce. A makaranta ma sai malama ta kira sunana sau biyu kafin muryata ta fito.

A cikin kwalayen nan akwai aikin Baba na shekara guda cur, akwatunan wuta arba'in. Baba mai gyaran rediyo ne a Gummi, duk gari Injiniya ake ce masa. Shekarar da naira ta faɗi batir ya yi tsada, sai ya ƙirƙiro wani ɗan akwati wanda za a jona a bango, a jona rediyo a jikinsa, rediyon ya yi ta magana ba batir. Taransifoman ciki da hannunsa yake naɗa wayar, zagaye bayan zagaye, yana shimfiɗa takardar buhun siminti tsakanin sahu da sahu. Gidan akwatin kuwa gwangwanin madarar gari ne, ya buge shi ya daidaita, ya shafa masa shuɗin fenti. Malaman makaranta da akawuna a Anka da Bukkuyum sun saya sun yaba. To amma a wajenmu gida nawa ne ke da wuta? Ita ma sai an tayar da inji. Wani direba ne ya ba shi labari cewa a Yamai wuta ba ta ɗaukewa, kowane gida da rediyo, kuma kuɗinsu ya fi namu ƙarfi. Tun daga ranar Baba ya daina karɓar gyara. Ya kulle kansa a shago yana naɗin waya, masu kawo masa rediyo suka gaji suka koma wajen wani. Idan akwatunan nan ba su shiga kasuwa ba, babu abin da zai koma ya tarar.

Ni kuwa an taho da ni ne saboda ina aji uku a sakandaren 'yan mata, ana koya mana Faransanci sau biyu a mako, kuma muna cikin dogon hutu. Inna ba ta so ba. Baba ya ce mata ni ce zan zama bakinsa. Ban iya gaya masa cewa Faransancin nawa bai wuce gaisuwa da sunayen dabbobi da kwanakin mako ba.

A Gaya ba a bukaci bakin nawa ba, don ɗan kwastan ɗin Hausa yake yi ras. Ya farke kwali ɗaya, ya ɗago akwati, ya jujjuya shi.

"Wanga mine ne, Malam?"

"Akwatin wuta ne, ranka shi daɗe. Ni na ƙera shi."

"Kai ka ƙera? A ina?"

"Gummi."

Ya juya wajen abokan aikinsa. "Ku zo ku ga kayan Japan ta Gummi!"

Suka yi dariya, Baba ma ya taya su. Mutumin ya kama filogin ya kai shi bakin soket ɗin bango, ya dangwala sau biyu, ƙafafu uku ga ramuka biyu.

"To ina za a cusa wanga?"

"Wannan ba komi ba ne," in ji Baba. "Sai a yanke filogin, a fere wayar, a cusa ta, a tokare da tsinken ashana biyu. Haka muke yi."

Dariyar ta tsaya. Ɗan kwastan ya ajiye akwatin a hankali.

"Malam, don Allah kada ka sake hwaɗin haka a Yamai. Tun da babbar kasuwarsu ta ƙone, duk abin da ake jonawa ga wuta sai an kai shi an duba kahin a sayar. In ya ci jarrabawa, kasuwa taka ce. In bai ci ba, ba kai ba shi."

Suka ɗaure kwalayen da waya, suka matse bakin kowace waya da dalma mai tambari, suka ce duk wanda ya tsinke ta kafin Yamai gidan kaso zai kwana. Akwati ɗaya kawai suka bar mana a hannu, samfurin da za a duba.

Daga Gaya muka shiga wata babbar mota mai ɗaukar albasa da mutane. Damina ce. Ba mu yi nisa ba ruwa ya sauko, tampol ɗin motar kuwa duk huji. Na ga ruwa yana ɗiga daidai kan kwalayenmu, ɗis, ɗis, har kwalin sama ya yi duhu ya fara laushi. Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe su, ya zauna da 'yar ciki yana rawar sanyi. Wata tsohuwa da ke gefena ta miƙo mini gyaɗa dafaffiya a ƙullin zane. Na yi ta ɓarewa ina ba Baba.

A Doso motar ta lalace, muka yi kwana biyu a tasha. Nan muka haɗu da mutumin da har yau ban san sunansa na gaskiya ba. Yana da jakar hannu baƙa da biro uku a aljihu. Takalminsa sai ƙyalli, amma da ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya na ga an toshe hujin ƙasan da kwali. Da ya ji daga inda muka fito sai ya dafe ƙirji.

"Gummi? Allahu akbar! Ai uwata 'yar Bukkuyum ce. Kawu, kai nawa ne."

Bai tambayi ko mutum ɗaya na Bukkuyum ba, na lura da wannan. Ya dai saurari labarin akwatunan yana girgiza kai, ya ce mutanen Yamai za su wahalar da mu wata uku, sai dai in mun je da takardar shaida tun daga nan. Shi kuwa yana da wani a ofis. Ya ɓace rabin yini, ya dawo da takarda mai hatimi biyu da sa hannu kamar tafiyar maciji. Baba ya ba shi kuɗi, da ya ce bai kai ba, ya kwance agogon hannunsa ya ƙara masa.

Sai da mota ta tashi Baba ya miƙo mini takardar in adana a cikin littafina. Na buɗe. Yawancin kalmomin ban san su ba, amma na san guda uku, domin suna cikin darasin dabbobi: saniya, tunkiya, akuya. A tsakiyar hatimin kuma akwai kan sa da ƙahoni. Na yi ta juya maganar a bakina har muka wuce ƙauyuka biyu.

"Baba," na ce. Bai ji ba. "Baba."

"Mi ne ne, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Takardar nan kamar ta allurar dabbobi ce."

Ya dube ni, ya dubi mutanen da ke kusa ko sun ji.

"Hatimi hatimi ne. Ke mi kika sani ga aikin gwamnati? Ajiye ta, ki kama bakinki."

Bai taɓa yi mini tsawa a gaban mutane ba sai ranar. Na ninke takardar, na kama bakina kamar yadda ya ce.

A Yamai muka kai kwalayen wani babban sito na gwamnati, aka karɓe su aka ba mu lamba. Muka sauka a gidan wani Alhaji mai sayar da goro, mutumin Anka, wanda ya yi shekaru a can. Baba ya zauna a zaure, ni aka shigar da ni wajen matarsa, Gwaggo Hamsatu, Bazabarma ce, Hausarta ba ta fi cikin cokali ba. Gidan duk siminti ne, har tsakar gida. Kowace safiya sai ta kwarara ruwa ta wanke shi tas, kowa ya yi ta yawo ba takalmi a kan sanyinsa. Mu a gida yashi muke zubawa a ɗaki mu shimfiɗa tabarma.

Kwana goma sha ɗaya muna zuwa ofishin masu duba kaya. Mu zauna a benci tun safe, a ce mana mai dubawar ya fita, ko yana taro, ko a dawo gobe. Wannan "gobe" ita ce kalmar Faransancin da na fi ƙwarewa a kanta. Burodinsu dogo ne kamar sanda, yana yanka dasashi. Na yi kewar furar da wata Bafulatana take kawo wa Inna daga wajen Zugu, da yadda Inna take ɗanɗana nonon da ɗan yatsa ta ce an sa ruwa, ita kuma ta rantse ba ta sa ba, kullum sai sun yi wannan faɗan kafin su gaisa. Wata rana da la'asar ina zaune a bayan randa ina kuka ba sauti, Gwaggo Hamsatu ta gan ni. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta tsefe mini kai, ta yi mini kitso irin nasu ƙanana ƙanana, tana wata waƙa ƙasa ƙasa. Da ta gama ta juyo da fuskata ta ce, "Inna. Gobe gobe." Na gane nufinta, zan koma wajen Inna ba da daɗewa ba.

A kwana na huɗu wata mai buga tafireta a ofishin ta ji tausayinmu. Ta yafuto ni, ta zaro wata takarda daga aljihun tebur ta miƙo mini, ta nuna akwatin da ke cinyar Baba. Sharuɗɗan da ake dubawa ne. Na yi kwana biyu a kanta da ɗan ƙamus ɗina na makaranta wanda bangonsa ya cire, kalma bayan kalma, har na fitar da abubuwa huɗu da suka shafe mu. Na sami Baba a zaure na karanta masa, Alhaji yana gefe yana zaɓen goro.

Na farko, filogi ya zama irin na ƙasar. Baba ya ce wannan mai sauƙi ne, ranar ya sayo ɗaya ya sa wa samfurin, ya ce sauran in an saki kayan zai canja musu duka.

Na biyu, a sa fis na gaske. Baba a gida takardar azurfar kwalin sigari yake naɗewa ya sa a gurbin fis, ya ce ita ba ta ƙonewa.

"To ai shi ya sa ba su so," in ji Alhaji. "Shi fis ɗin don ya ƙone aka yi shi, Injiniya, ba don gidan mutum ya ƙone ba."

"Alhaji, ka tsaya ga goronka."

Amma washegari Baba ya sayo fis ɗin gilashi, ya zauna ya yi masa mazauni mai kyau.

Na uku, kowane akwati ya zo da takarda da Faransanci mai faɗin ƙarfin wutar da yake ɗauka, da sunan wanda ya ƙera, da gargaɗi. Wannan aikina ne. Na yayyage tsakiyar littafin lissafina, na yanka takardu arba'in daidai da juna, na ja layi da rula, na rubuta kowace da rubutuna na jarrabawa. Da na kai masa, ya jera su a tabarma yana kallo ko da yake ba ya karatun boko. Ya ce, "Ina sunana?" Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon wurin.

Na huɗu shi ne ya tsaya. Takardar ta ce jikin abin kada ya zama ƙarfen da hannu zai taɓa, sai in an ja masa waya ta uku wadda za ta kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ƙasa.

"Waya ta uku ƙawa ce," in ji Baba. "A Gummi wa ya taɓa jona ramin na uku da wani abu? Kuma ai na shahwa henti, har sau biyu. Ku duba."

Yana zaune a kan bencin katako, takalminsa na taya a ƙafa, wanda ko a shago ba ya rabuwa da shi saboda gutsattsarin waya da ɗigon dalma. Ya cusa sabon filogin a bangon zauren, ya jona rediyon Alhaji, kiɗa ya tashi. Ya taɓa gwangwanin da bayan yatsa, yadda yake gwada kowane abu tun ina ƙarama, sannan ya dafa shi da tafin hannu.

"Kun gani? Lahiya lau. Shekara ashirin ina wanga aiki."

Kwana biyu kafin a kira mu, Gwaggo Hamsatu ta roƙa a shigo mata da rediyon ciki ta ji sanarwa. Aka ajiye shi da akwatin a bakin ƙofar ɗakinta. Na gama wanke kwanuka ke nan, ƙafata a kan jiƙaƙƙen siminti, na sa hannu in matsar da akwatin daga hanya. Wani abu ya cije ni a yatsa kamar cinnaka, ya hau har gwiwar hannu. Na yi tsalle baya. Ba wanda ya gani. Na zare filogin, na ce wa Gwaggo da hannu cewa ya lalace, na mayar da shi zaure. Baba yana can yana goge takalmi. Na tsaya a kansa da akwatin a hannu. Ya ɗago ya ce, "Mi ne ne?" Na tuna motar Doso. Na ce, "Ba komai."

Ranar da aka kira mu, da safe ne. Wata dattijuwa mai shara tana fitowa daga ɗakin da bokiti da tsumma lokacin da muka isa ƙofar. Simintin ɗakin yana ta sheƙi. Mai dubawar dogo ne siriri, da farar riga ta aiki, ƙafar tabaransa ɗaya an ɗaure ta da baƙin zare. Baba ya sunkuya ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa, ya jera su gefe, kamar yadda yake yi in zai shiga wajen hakimi ko wajen surukinsa. Mutumin ya yi masa alama da hannu cewa ba sai ya cire ba.

"A'a, ranka shi daɗe, girmanka ne," in ji Baba. Ni ma na cire nawa.

Mutumin yana jin Hausa kaɗan, irin ta kasuwa. Sauran da Faransanci yake yi, a hankali, yana nuna abu da biro don in gane. Kafin ya ce komai Baba ya karɓi takardar Doso daga hannuna ya miƙa masa da hannu biyu. Ya karanta. Ya dube ni ta saman tabarau, na sunkuyar da kai. Ya ninke ta huɗu, ya jefa a aljihun tebur ya rufe.

"Wannan na shanu," ya ce da Hausa. "Ni ban gani ba. Kai ba ka kawo ba."

Baba bai dube ni ba. Na ga dai kunnuwansa sun motsa, yadda suke yi in ya haɗiye magana.

Aka ɗora akwatin a tebur. Mutumin ya duba filogi, ya gyaɗa kai, ya yi maki a takardarsa. Ya zaro fis ya ɗaga shi wajen haske, ya yi maki. Ya ɗauki takardata ya karanta har ƙasa, ya gyara harafi ɗaya da jan biro, ya tambaya wa ya rubuta. Na ɗaga yatsa kamar a aji. Ya ce da kyau. Sannan ya kwance murfin, ya kawo fitila, ya daɗe yana leƙen naɗin wayar. Ya bi sahun da bakin biro.

"Da hannu?" ya tambayi Baba.

"Da hannu."

"Hannu mai kyau," in ji shi. Na ga ƙirjin Baba ya ɗago.

Ya mayar da murfin ya ɗaure, ya jona akwatin a bango. Ya jawo wani awo mai allura kamar ta agogo, da wayoyi biyu. Ɗaya ya maƙala a famfon ruwan da ke kusurwa, ɗaya ya ɗora a kan kusar murfin, inda fenti ya goge. Allurar ta tashi ta tafi can gefe ta tsaya tana rawa. Ya cire, ya sake ɗorawa a wani wurin. Ta sake tafiya. Ya ajiye biro, ya yi magana mai ɗan tsawo, yana nuna takardar simintin da ke ciki, yana nuna sama kamar ruwa na zuba.

"Mi yac ce?" in ji Baba.

"Ya ce wuta tana fita ta jikin gwangwanin. Ya ce takardar ciki tana shan laima, in ta sha ba ta tare wuta."

"Hwaɗa mishi awon nashi ne ya lalace."

Ban fassara ba.

"Hwaɗa mishi mana! Wutar ga da suke taƙama da ita daga Kainji take zuwa, tamu ce. Na san ta, ta san ni. Allura za ta gaya mini aikina?"

Ya miƙe tsaye. Ina kallon ƙasa, don haka na ga sawunsa a kan simintin, yatsu biyar biyar, tun daga ƙofa har gaban tebur, ruwa bai gama bushewa a gefensu ba. Na gane abin da zai faru. Mutumin ya ɗaga hannu yana cewa a'a, a'a, amma Baba ya riga ya damƙi akwatin da hannun dama.

Bai yi ihu ba. Wani sauti ne ya fito masa ta haƙora. Hannun ya ƙanƙame gwangwanin ya ƙi saki, kafaɗarsa tana karkarwa, idanunsa a buɗe suna kallona. Mutumin ya tsallake kujera ya fizge wayar daga bango. Baba ya tafi da baya ya zauna daɓas a ƙasa, hularsa ta gangara ƙarƙashin tebur.

Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Mutumin ya durƙusa ya kama wuyan hannunsa yana duban agogo, ya sa aka kawo ruwa. Baba ya sha, rabi ya zube a rigarsa. Ya buɗe tafin hannunsa ya duba, akwai farin layi inda bakin murfin ya kwanta. Sannan ya dubi ƙafafunsa. Ya dubi bakin ƙofa, inda takalman suke a jere. Ba wanda ya yi masa bayani.

"Takalmi," ya ce a hankali. "Shekara ashirin, ashe takalmi ne."

Sannan ya ce, ba da kowa ba, "Na sayar ma hedimastan Anka ɗaya, matarsa kuwa ba ta sa takalmi cikin ɗaki. Ga yara."

"Baba," na ce, "ni ma ya cije ni. Shekaranjiya."

Ya juyo. "Kuma ba ki hwaɗi ba?"

Ya daɗe yana dubana, har na ga idanunsa sun kaɗa.

"Ni na ce ki kama bakinki," ya ce. Ya dafa kaina da hannun hagu, na daman yana kan cinyarsa.

Mutumin ya jawo hular ya kaɗe ta ya miƙa masa, ya taimaka masa ya hau kujera. Ya koma bayan tebur ya yi rubutu mai yawa. Da ya gama bai dubi Baba ba, ni ya duba, ya yi maganar gutsure gutsure don kada in ɓata. Akwatunan ba za su shiga kasuwa ba. Ba za a mayar mana da su ba kuma, don kada a sayar a wani gari. Gobe da safe za a fito da su harabar sito, lebura ya bi su da guduma, mai kayan yana tsaye, sannan ya sa hannu cewa ya gani. Ya ce ba shi ya yi dokar ba. Ya ce ko shi ya yi ta, haka zai yi.

"Mi yac ce, Uwata?"

A duk tafiyar nan, wannan ce maganar da na fi fahimta sarai, babu kalma ɗaya da ta ɓace mini. Na gaya masa duka, ban rage ba.

"Da guduma," in ji Baba.

"Da guduma."

Ya gyaɗa kai. Aka tura masa takarda, ya karɓi biro da hannun da wuta ta kama, ya rubuta sunansa da ajami, harufan suka karkace. Ya miƙe, ya ce wa mutumin, "Na gode, ranka shi daɗe. Allah shi saka." Ya nufi ƙofa a hankali, yana dafa bango. Na ga ya sunkuya wajen takalman, ya kasa sa ƙafa a na farko sai da ya sake gwadawa.

Ni ban bi shi ba. Na tsaya a gaban teburin, hannayena a cikin mayafi. Mutumin ya ɗago ya ga ina nan, ya jira. Na nemi kalmomin Faransancin, suka watse, sai 'yan kaɗan. Na haɗa su da Hausa, na ce da muryar da ni kaina ban san ina da ita ba:

"Don Allah, Malam. Ba mu ce a ba mu su ba. Amma gobe kada a sa guduma yana kallo. Yana da sukundirebarsa a aljihu. Ku bar shi ya kwance su da kansa, ɗaya bayan ɗaya, ko zai kai yamma. Ni zan riƙe masa kusoshin."